A Gaban Suruka

A masana'antar da ake harhaɗa lasifika akwai wani inji da ma'aikata suke kira Suruka. Sunan ya samo asali ne daga irin ladabin da ake yi mata. Ba ka isa ka je gabanta da makulli a aljihu ba, ko agogo, ko waya, ko ɗan kunne. An ja layi da fenti rawaya a ƙasa, taku huɗu daga inda take, an ajiye farantin roba a kan benci, nan kowa yake sauke ƙarfen jikinsa kafin ya tsallaka. Aikinta guda ɗaya ne. Za a ɗauko zoben lasifika, baƙi mai nauyi, wanda ko allura ba ya iya ja, a sa mata a baki, a taka feda, ta yi wani gajeren gunji, dum, kamar an rufe ƙofar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Sai zoben ya fito ya zama maganaɗisu, yana fizgar ƙusa tun daga nesa.

Shekara goma sha ɗaya Dogo yana zaune a gabanta. Matarsa kuwa tana can ɗakin kwali a ƙarshen ginin, tana naɗe lasifika a leda tana jerawa, a tsaye daga safe har a tashi. A wurin aiki Matar Dogo ake ce mata. A gida Maman Biyu ce, saboda tagwayen 'yan matan da suka haifa, waɗanda yanzu suka shiga aji huɗu.

Da aka sayo Suruka ta biyu, ƙarama, domin lasifikar rediyo, sai aka ga zobbanta ba su wuce maɓallin riga ba, maza suna ta zubar da su. Manaja ya ce a gwada mata. Dogo da ƙafarsa ya je ya roƙa a sa matarsa a cikin taran da aka zaɓa. Aikin zaune ne, akwai fanka, ga girma. Shi ya koya mata yadda ake riƙe zoben da yatsu biyu, da yadda ake janye hannu kafin a taka feda.

"Ki ji tsoronta kamar yadda kike jin tsoron uwata," ya ce, yana dariya, "za ku zauna lafiya."

"Ai Inna ba ta taɓa cewa in cire ɗan kunne ba."

"Don ba ki daɗe a gabanta ba ne."

Makon farko ta yi shi cikin jin daɗi. Ƙafafunta suka daina kumbura. Tana ɗaga kai sai ta hango ƙeyar mijinta a ɗaya injin, kafaɗunsa suna motsi daidai da gunjin. A damanta akwai Amarya, wadda ta shekara takwas da aure amma sunan ya ƙi barinta, yarinya mai saurin hannu da surutu. A bayansu akwai Anti, babbar mace mai shafa gam, wadda ta girme su duka.

A mako na uku ta fara jin wani ɗanɗano a bakinta, kamar ta tsotsi tsohuwar ƙusa. Ta canza man goge baki, bai tafi ba. Daga nan sai jiri. Ba ya zuwa tana zaune, sai ta miƙe ko ta juya kai da sauri, sai ɗakin ya karkata kaɗan, kamar tire a hannun wanda ya yi tuntuɓe. Wani lokaci takan ga ɗan haske yana ƙyalli a gefen idonta, ta waiga babu komai. In ta dawo gida sai ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ta rasa ƙarfin cire shi.

Ta ɓoye har kwana goma. Anti ce ta fara ganewa, a wurin wanke hannu.

"'Yar nan, me ya sa kike bin bango?"

"Ba komai, Anti."

"Ni ma ba komai ɗin nake ji tun da aka matso da bencina kusa da abin nan. Kaina kamar an ɗaure shi da igiya." Ta yarfe hannunta. "Kin gaya wa mijinki?"

Ta gaya masa a ranar da yamma, suna cin abinci, bayan yaran sun tashi. Ya ajiye cokali ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Ko dai 'yan biyu za su yi ƙani ne?"

"Ba shi ba ne. Na duba."

"To yunwa ce. Shayi kawai kike kurɓa ki fita."

"Baban Biyu, ina jin injin nan ne."

Bai yi fushi ba. Dariya ya yi, irin wadda ake yi wa yaron da ya ce ya ga dodo a bayan ƙofa. Ya miƙa mata hannayensa biyu, ya juya su ciki da baya.

"Dube ni. Shekara goma sha ɗaya, kuma tawa ta ninka taki girma sau uku. Ko ciwon kai kin taɓa jin na ce? Da tana cin mutane ai da ni ta fara cinyewa."

Ta san ba ƙarya yake yi ba, kuma ta san ba don mugunta ya faɗa ba. Jikinsa ne shaidarsa, ita kuma ba ta da abin nunawa. Ya kai ta asibiti da kansa ranar hutu. Aka ɗebi jini, aka auna hawan jini, aka leƙa kunne. Komai lafiya. Malamin asibitin ya rubuta mata maganin ƙarin jini ya ce ta rage tunani. A hanyar dawowa Dogo ya saya mata lemo, yana cewa, "Kin gani ko," cikin murya mai taushi da ta fi faɗa ciwo.

Ta ci gaba da zuwa aiki. Amarya ba ta jin komai, har waƙa take yi tana bin gunjin injin, ta kuma fi kowa cika kwando. Wannan ya ƙara sa Maman Biyu shakkar kanta. In injin ne, me ya hana shi taɓa wadda ke zaune kusa da ita? Wata rana sai ta ce a ranta raki ne kawai, washegari kuma ɗakin ya karkata.

Ranar da abin ya fito fili, ta miƙe ne za ta kai tire ɗin zobban da aka gama. Ƙasa ta zame mata. Ta kai hannu za ta dafa benci, tire ya kife, manyan zobba biyu da ke gefen bencin suka haɗu da ƙarfi da ɗan yatsanta a tsakani. Sai da maza biyu suka sa katako suka raba su. Farcen ya tsage gida biyu. Tana zaune a ƙasa ana naɗe mata yatsa, ta ga Dogo tsaye a kanta, bakinsa a buɗe.

Tunda jini ya zuba, dole aka rubuta rahoto. A cikin rahoton Anti ta sa baki, wasu mata uku suka bi bayanta. Bayan wata guda sai ga wata likita daga jami'a, mace mai furfura a goshi, da jakar baya da wata 'yar na'ura mai dogon wutsiya. Kwana biyu tana zagaya injinan tana aunawa, a daidai kai, a daidai ƙirji, a daidai cinya. Sannan ta raba wa maza goma sha biyu da mata tara wani abin ɗaurawa a hannu mai kama da agogo. Ta ce a ɗaura shi bayan an tashi aiki, a kwana da shi, a cire da safe kafin a tsallake layin rawaya. Mako uku za a yi. Mazan suka yi ta ba'a. Wani ya ce a gaya wa Likita in abin yana ɗaukar munshari to nasa zai cika tun daren farko.

Ta ga kowa shi kaɗai a wani ɗan ofis da ake ajiye tsofaffin kujeru. Da aka zo kan Maman Biyu, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Wannan kaɗai ya sa idon Maman Biyu ya ciko.

"Likita, ki gaya min gaskiya. Injin ne ko ni ce?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Likita. "Da na sani da na gaya miki. Abin da na auna bai wuce iyakar da aka yarda da ita ba. Amma ita iyakar, mutane ne suka zauna suka sa ta, da abin da suka sani a lokacin."

"To me ya sa mijina ba ya ji?"

"Shi ne abin da ya kawo ni. Gwaje-gwaje da yawa na da, a kan maza aka yi su. Har ɓerayen gwaji ma sau da yawa maza ake zaɓa, wai sun fi sauƙin lissafi. Waɗanda suka zo suka haɗa da mata, wasu sun ce sun ga bambanci, wasu sun ce ba su gani ba. Yana yiwuwa jikin mace da na namiji ba iri ɗaya suke amsawa ba. Yana yiwuwa tsayi ne, kanki ya fi nasa kusa da bakin injin. Yana kuma yiwuwa duk kuna ji, ke ce kika faɗa."

Maman Biyu ta koma gida da maganar nan tana juya ta. Ba a ce mata eh ba, ba a ce a'a ba, amma an yi mata magana kamar mai hankali.

Bayan mako biyar Likita ta dawo, ta ce tana son ganin su biyun tare. Dogo ya shigo yana share hannu da tsumma, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo rakiya. Likita ta fara da matan. Biyar cikin tara suna kukan jiri ko ciwon kai, huɗu ba sa jin komai. A cikin maza ba wanda ya kawo kuka ko ɗaya. Dogo ya gyaɗa kai.

"Amma, Malam, ba don matarka na kira ka ba." Ta juyo da wata takarda mai zane kamar haƙoran zarto. "Barcin matan, har da nata, bai lalace sosai ba. Na mazan ne ya ba ni mamaki. Takwas a cikinku barcinsu a yayyanke yake, naka ya fi na kowa. Kana farkawa fiye da sau ashirin kafin gari ya waye. Kuma bugun zuciyarka ba ya sauka yadda ya kamata ya sauka in mutum ya kwanta."

"Ni? Ni da nake kwanciya sai asuba?"

"Ba za ka sani ba. Farkawar ba ta kai minti ɗaya."

"To injin ne ya yi wannan?"

"Ba zan iya rantsewa ba. Kuna shan shayi da yawa, akwai ƙara, akwai shekaru. Mutum ashirin da ɗaya sun yi kaɗan. Ina bukatar shekara guda, da wasu mutanen da ba sa aiki kusa da injin, in gwada ku da su. Amma ina so ka je a duba zuciyarka."

Dogo ya miƙe. Ya ninke tsumman hannunsa gida huɗu, a hankali.

"Likita, ni na kawo miki ƙara?"

"A'a."

"To ki ji da waɗanda suka kawo." Ya fita, bai buga ƙofa ba.

Maman Biyu ta zauna tana kallon zanen. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta san abin da ke ciki, ta riga takardar sani da shekaru. Mutumin da ta aura in ya kwanta ko gini ya faɗi ba ya motsi. Ba ta iya tuna shekarar da ya fara juye-juye ba, yana jan bargo, yana furzar da numfashi. Ta tuna yadda yake tashi da safe da jajayen idanu, yadda ƙaramin abu yake tunzura shi, cokalin da ya faɗi ko dariyar yara, sannan ya zo yana ba da haƙuri. Ta tuna sau nawa ya tsaya a tsakar ɗaki yana tambayarta me ya shigo ɗauka. Duk ta ɗauka girma ne, ko halin maza in sun kai wani lokaci. Ita da take kukan ba a yarda da ita ba, shekara nawa tana kwana kusa da wannan ba ta tambaya ba?

Rahoton Likita shafi goma sha huɗu ne. Maganar mata tana shafin farko, ta maza tana can wajen na tara. Ranar Litinin aka manna sanarwa a jikin ƙofa: saboda kula da lafiyarsu, an janye dukkan mata daga layin maganaɗisu, kowace ta koma inda ta fito. Ana gode wa jami'a, bincike ya kammala. Maza za su riƙe injinan biyu, da ƙarin awa biyu kowace rana har a samu sababbin hannu.

Amarya ta same ta a ɗakin kwali, a gaban mutane.

"Yaya, hankalinki ya kwanta?"

"Ban ce a cire kowa ba, Amarya."

"Ni me na ji? Ciwon me na yi? Shekara shida ina tsaye a ɗakin nan, na samu kujera wata huɗu, kin zo kin janye ta. In jikinki ba ya so ai sai ki tashi ke kaɗai." Ta nuna ƙofar da aka manna sanarwar. "Yanzu an rubuta a takarda cewa mata ba sa iyawa. Har 'ya'yanmu sai an karanta musu."

Maman Biyu ta ga gaskiya a maganar. Daga ranar Amarya ba ta ƙara gaishe ta ba, kuma kafin shekara ta ƙare ta bar masana'antar. Anti aka mayar da bencinta can bakin taga, ta ce kanta ya yi sauƙi, amma ta daina zama cin abinci da Maman Biyu, wai ba ta son a ce su ne 'yan ƙungiya.

Jirin ya ragu bayan wata biyu. Bai tafi duka ba, yakan leƙo in ta gaji. Ƙafafunta suka koma kumburi. Ba ta san ko barin injin ne ya sauƙaƙa mata ba ko dama zai wuce da kansa, kuma babu wanda za ta tambaya. Likita ta kira ta sau ɗaya a waya, ta ce ta nemi a bar ta ta ci gaba an hana, ta nemi tallafi a wani wuri ba a ba ta ba. Ta tambayi ko Malam ya je asibitin. Maman Biyu ta ce zai je.

Bai je ba. Sau uku tana tayar da maganar yana kashe ta. A na huɗu, wata ranar hutu da rana, yaran sun tafi gidan kakarsu, yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran hannun tukunyar da ya karye, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Ka nemi a canza maka wuri."

"Zuwa ina? Ɗakin kwali?"

"Ko ina ne."

"Shekarata arba'in da shida, Maman Biyu. Abin da na iya kenan. In na je na ce ina da ciwo, kin ga abin da suka yi muku. Ku an ce kulawa ce. Ni sallama za ta zama." Ya ɗaure ƙusar, ya gwada hannun tukunyar. "Kuma likitar nan da bakinta ta ce ba ta sani ba."

"Ba ta sani ba. Kai fa?"

Ya ci gaba da juya tukunyar a hannunsa. Har ta ɗauka ya share ta.

"Kin tuna hutun da na ɗauka bara, na mako biyu?" ya ce, idonsa a kan tukunyar. "A kwana na biyar na yi mafarki. Wani shirme ne, wai ina tuƙa mota a cikin kogi. Na tashi ina ta mamaki, sai na gane rabona da mafarki na manta. Kullum sai na yi har hutun ya ƙare. Na koma aiki da kwana uku, shi kenan, ya ɗauke."

"Ba ka gaya wa Likita ba."

"In ce mata me? Ina ƙarar inji ya hana ni mafarki?" Ya yi 'yar dariyar yaƙe. Ya miƙa mata tukunyar. "Gwada ki gani, ya kama."

Ta karɓa. Ta so ta ce wani abu, ta ga in ta matsa zai rufe ƙofar da ya ɗan buɗe. Ta gwada hannun tukunyar, shi kuma bai ƙara komawa kan maganar ba, a ranar ko bayanta.

Sababbin hannun da aka yi alkawari ba su zo ba. Ƙarin awa biyu ya zama ƙa'ida. Dogo ya rame a wuya, ya fara shan shayi kofi biyu kafin ya fita. Yaran suka koyi rage murya in ya shigo, ba tare da an gaya musu ba.

Wata safiya a cikin bas, suna zaune a kujerar baya, ta ji nauyi a kafaɗarta. Barci ya ɗauke shi, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ya saki jakar abincinsa har sai da ta tare ta da ƙafa. Bas ɗin yana tsalle a kan ramuka, amma shi bai motsa ba. Ta daɗe ba ta ga fuskarsa a sake haka ba. Suka wuce gidan mai, suka wuce gada, ta hango bangon masana'anta yana matsowa. Ta yi tunanin ta ƙyale shi, su zarce har ƙarshen hanya, a dawo da su, in ya so a rubuta musu latti. Kwandasta ya buga jikin mota, mutane suka fara miƙewa.

Ta taɓa gwiwarsa.

"Baban Biyu, mun iso."

Ya buɗe ido, ya dube ta kamar bai gane ta ba, sannan ya share bakinsa ya ɗauki jakarsa. Suka sauka. A bakin get ya ce mata sai an tashi, ya bi ta hagu, ita ta bi doguwar baranda zuwa ɗakin kwali.